Tallafin Noma a Garwa: Ina Rabon Mai Sanda?

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, duk sa'ad da damina ta kawo kai sai mu ji rediyo na shelar wai gwamnati ta ware kuɗi don tallafa wa mutanen karkara. To, mu dai a karkara aka haife mu, a nan muke kwana muke tashi, amma har yau ba a ga ranar da wannan rabo ya biyo ta ruga ba.

A shekarar 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya sa takin zamani ya yi tashin gwauron zabo, Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince wa Kamaru da kuɗi kimanin sefa biliyan 41 don samar wa manoma taki da iri cikin rangwame. Madalla, ba ma baƙin ciki. Manomi ɗan'uwanmu ne, hatsinsa muke ci, karansa shanunmu ke kiwo. Abin da ya dame mu shi ne ma'aunin da ake rabon da shi. Ana tambayar mutum hekta nawa ya nome, kuma a wace ƙungiyar GIC sunansa yake. Ba wanda ke tambayar shanu nawa ka kai kasuwar Adumri ko ta Ngong, alhali kuwa a can mai rasidi ba ya taɓa makara, kowane kai da kuɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Wannan ma'auni ba jiya aka ƙera shi ba. Tun 1974, shekarar da aka kafa SODECOTON mai hedkwata a nan Garwa, manomin auduga ke samun taki da magani bashi, da malamin gona, da tabbacin mai saye. A wannan shekarar kuma aka yi dokar ƙasa da ta mai da dajin kiwo mallakar ƙasa baki ɗaya. Wanda ya sare daji ya yi shuka ko gini, ana ganin ya raya wuri. Wanda kakanninsa suka shekara hamsin suna kiwo a wurin, ba shi da shaidar da zai nuna, domin sawun saniya ba ya hawa takarda. Ga shi an kwararo da manoma daga Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai, ga tafkin Lagdo ya haɗiye fadamu tun 1982, ga gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida da filayen farautar da ke kewaye da su sun kwashe kusan rabin jihar. Saboda haka duk buhun takin da aka sauƙaƙa ba tare da an shata burtali ba, sabuwar gona ce a kan hanyar mashaya. In saniya ta taka ta kuwa, sai gaban sufurefe, kuma kowa ya san wa ke sayar da bijimi kafin a tashi daga zaman.

Za a ce mana ai an yi PRODEL, shirin kiwon da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 100 a 2016. Haka ne. Sai dai shi ma takardun ƙungiya da tsarin kasuwanci a rubuce ya nema, mai bin shanu daga Mayo-Rey zuwa Faro kuwa ba da sakatare yake yawo ba.

Muna neman a liƙa sunayen duk waɗanda suka karɓi tallafi a ƙofar ofishin kowane sufurefe, da yawan buhunan da kowa ya samu, don a bambanta manomi na gaskiya da attajirin birni mai gonar takarda. A sa rangwame a kan ƙulin angurya tun daga masana'anta, a kai shi kasuwannin shanu kafin watan Maris, kada a bar shi hannun 'yan kama-ka-sayar har shanu su fara faɗuwa. Allurar ciwon huhu kuma, a nan Bokle LANAVET ke haɗa ta, 'yar tafiya kaɗan daga Garwa, to a sauƙaƙa kuɗinta kamar yadda aka sauƙaƙa na taki. Kafin a sake raba buhu ɗaya a gundumar Binuwai, ma'aikatar MINEPIA ta fito da ardo-ardo a kafa turakun siminti a kan burtalin da ya rage.