Zare: Wa ya ce Bahaushe ba ya kallon fim mai nauyi?

1/ Jiya a majalisa wani abokina mai harkar fim ya ce min: "Malam, Bahaushe in ba soyayya da waƙa ba ya kallon fim." Maganar ta tsaya min a rai. Ƙarya ce, kuma mun maimaita ta har mun yarda da ita. Ku biyo ni.

2/ A Kano yau, ina za ka je ka zauna ka kalli fim ɗin da ba na kasuwa ba? Ina nufin wanda mai shi ya yi don yana da abin faɗa, ba don kuɗinsa su dawo cikin sati biyu ba. Garin da ke fitar da fim tun Turmin Danya a 1990, amma ba shi da ɗaki ɗaya da aka san shi da wannan.

3/ Shaihu Umar. Adamu Halilu ya yi shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa. An gyara shi, an nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Jamusawa sun sayi tikiti sun kalle shi. Ku nawa a nan kuka gan shi a babban allo?

4/ The Milkmaid, 2020. Hausa da Fulatanci, an ɗauka a Taraba, kan matan da 'yan ta'adda suka sace. Najeriya ta tura shi gasar Oscar, Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi. Labarinmu ne, 'yarmu ce, amma yawancinmu hoton talla kawai muka gani.

5/ Zinder na Aïcha Macky, 2021, kan matasan unguwar Kara-Kara a Damagaram, da Hausarsu. Duk wanda ya san rayuwar 'yan daba zai gane su nan take. Ga Sarraounia na Med Hondo, kan Sarauniya Mangu da ta yaƙi Faransawa a 1899, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

6/ To ta yaya za ka ce mutum ba ya son tuwon da ba ka taɓa ajiye masa a gaba ba? Mai tura fim a waya abin da ke kwamfutarsa zai ba ka: Indiya fassarar Hausa da series. Ka cika waya da su shekara goma, sannan a dawo a ce "ai abin da suke so ke nan". Haba.

7/ Za a ce "ai akwai YouTube". Da yawa daga irin waɗannan finafinan ba sa can, wasu na manhajojin da ake biya da dala. Kuma kallo a waya kai kaɗai, kana lissafin data, ba ɗaya ba ne da mutum 60 a ɗaki guda, a gama a kunna fitila a yi gardama.

8/ Za a ce "sinima wajen ɓata tarbiyya ne". Na san daga ina tsoron ya zo. Tun gobarar El Duniya a 1951, da mutum sama da 300 suka rasu, sunan sinima ya ɓaci a Kano. Iyayenmu sun je Plaza, Orion, Wapa da Marhaba, amma da yawansu a ɓoye.

9/ Har 2016 wannan tsoron ya kashe maganar ƙauyen fim na Kofa. To me muka samu? Finafinan ba su daina shigowa ba, sun koma wayar yaro ƙarƙashin bargo ƙarfe biyun dare, inda ba uba ba malami. Wanne ya fi: wannan, ko ɗakin da kowa ke ganin kowa da rana tsaka?

10/ Asarar ma ta fi yawa ga masu yin fim ɗin. Yaron da ke son zama darakta, bai taɓa ganin aikin Sembène ko na Kiarostami ba, me zai kwaikwaya in ba abin da ya saba gani ba? Sai mu zo nan muna zaginsa wai labarinsu ɗaya ne kullum.

11/ Ba sai an jira gwamnati ba fa. Kowace unguwa na da gidan kallon ƙwallo: allo, benci, janareta. Ranar da ba wasa a rufe yake. Makarantunmu na da ɗakunan taro. A nemi izinin mai fim, a bi ta hukumar tace finafinai, a sa bayan La'asar, mata da wajen zamansu, a biya ɗan kuɗin mai.

12/ Sau ɗaya a wata ya isa a fara. In mutum 15 suka zo, alhamdulillah. In aka yi wata shida ɗaki na zama fayau, zan dawo nan in ba abokina haƙuri a bainar jama'a.

13/ Kafin nan kar wanda ya sake ce min Bahaushe ba ya kallo. Wa ke da majigi? Wa ya san mai gidan kallon da zai yarda? Ku rubuta a ƙasa, da fim ɗin da kuke so a fara da shi. Ni Shaihu Umar na zaɓa.