Ajiyar wasa dukiyar mai ita ce

A ranar 10 ga Disamba 2020 kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da wasan bidiyo mai suna Cyberpunk 2077. Ba a cika mako biyu ba, masu yin sa a kwamfuta suka gano cewa fayil ɗin da ke riƙe da ci gabansu yana lalacewa da zarar nauyinsa ya haura megabait 8. Waɗanda abin ya fi shafa su ne waɗanda suka fi ba wasan lokaci, masu tara kaya da ƙera makamai a cikinsa, domin kowane abu da suka tara yana ƙara wa fayil ɗin nauyi. Shawarar farko da aka ba su ita ce su rage tara kaya. A ranar 23 ga watan aka fitar da gyara mai lamba 1.06 wanda ya cire wannan iyaka, tare da bayanin cewa fayilolin da suka riga suka lalace ba za su farfaɗo ba.

Wannan bayani na ƙarshe ya ƙunshi gaskiyar da ta shafi kowane wasa. Shi kansa wasan, idan ya lalace, ana sake sauke shi daga intanet ko a sayi wani faifan, domin kwafinsa miliyoyi ne. Fayil ɗin ajiya kuwa guda ɗaya ne tak a duniya. A cikinsa ake rubuta inda mai wasa ya tsaya, da abin da ya mallaka, da zaɓin da ya yi a kowace mararraba, wani lokaci aikin sa'o'i ɗari ko fiye. Ko mutum yana ganin wasa a matsayin sharholiya, sa'o'in da aka zuba a ciki daga rayuwar wani aka ɗebo su. Saboda haka ya dace a ɗauki wannan fayil a matsayin dukiyar mai shi, wadda aka ba kamfani amanarta. Kuma yiwuwar ceto shi bayan na'ura ta ƙage abu ne da ake yanke hukuncinsa tun kafin hatsarin, a hannun waɗanda suka rubuta wasan da waɗanda suka ƙera na'urar.

Yadda fayil ke lalacewa

Idan wasa ya nuna alamar cewa yana ajiya, bayanan ba sa sauka kan faifan kwamfuta nan take. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows, tana fara riƙe su a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai bayan ɗan lokaci ta zuba su a faifai, domin hakan ya fi sauri. Ita kuwa ƙwaƙwalwar wucin gadi ba ta riƙe komai da zarar wuta ta yanke. Tsakanin umarnin ajiya da saukar bayanan akwai 'yar tazara, kuma a cikinta ake yin yawancin asarar.

Wasan da aka rubuta da sakaci yakan buɗe tsohon fayil, ya share abin da ke ciki, sannan ya fara rubuta sabo a wurinsa. Idan aka ɗauke wuta ko wasan ya sandare a tsakiyar wannan aiki, tsohon ya tafi, sabon bai kammala ba. Wani lokaci fayil ɗin yakan rage rabi. Wani lokaci kuma sunansa da nauyinsa suna nan daidai, amma idan aka leƙa cikinsa sai a tarar da sifili zalla, saboda na'urar ta riga ta keɓe masa wuri amma ba ta kai ga zuba bayanan ba.

Wasanni da yawa suna haɗa ajiyarsu da lambar tantancewa, wadda ake lissafowa daga dukkan abin da ke cikin fayil. Lokacin buɗewa sai a sake lissafi a gwada. Idan lambobin biyu suka saɓa, wasan ya ƙi karɓar fayil ɗin. Wannan ne ya sa ɓacin ƙwayar bayani ɗaya kan iya rufe ƙofa ga ajiya baki ɗaya, ko da sauran abin da ke ciki lafiya lau yake.

Maganin ya daɗe a hannu

Masu ƙera wasannin farko suna da uzuri. Lokacin da The Legend of Zelda ya isa Amurka a 1987, ɗan ƙaramin batir ne a cikin kaset ɗin yake riƙe da ajiya, har aka riƙa gargaɗin mai wasa ya danne maɓallin Reset yayin kashe na'ura don kada ajiyar ta ɓaci. Pokémon Gold da Silver, da suka fito a Japan a 1999, sun ɗora wa batir ɗinsu aikin tafiyar da agogo, abin da ya sa ya riƙa mutuwa bayan 'yan shekaru, ya tafi da ajiyar mutane tare da shi. Katin ajiya na PlayStation ta farko kuwa kilobait 128 ne kacal, an raba shi gida 15. A irin wannan ƙunci, ajiye kwafi biyu tsada gare shi.

Duk da haka an yi. Pokémon Ruby da Sapphire, da suka fito a 2002 a kan Game Boy Advance, sun raba ma'ajiyarsu gida biyu. Yau a rubuta a wannan, ajiya ta gaba a rubuta a wancan, kowanne da lambobin tantancewarsa da lambar da ke nuna wanda ya fi sabunta. Idan sabon ya ɓaci, wasan yakan sanar da mai shi, ya ɗauko wanda ya gabace shi. Abin da aka rasa bai wuce zama ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

A kwamfuta hanyar ta fi haka sauƙi, kuma duk mai rubuta manhaja ya san ta: a rubuta sabon fayil da wani suna dabam, a tilasta wa na'ura ta sauke shi kan faifai, sai an tabbatar ya kammala sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, shi kuma tsohon a ajiye shi gefe. Minecraft yana barin level.dat_old kusa da level.dat. Stardew Valley, na 2016, yana riƙe ajiyar ranar da ta gabata da ƙarin _old a ƙarshen sunanta. Elden Ring, na 2022, yana ajiye kwafi mai ƙarewa da .bak kusa da ainihin fayil ɗinsa. A yau da ake auna faifai da terabait, fayil ɗin ajiya kuma sau da yawa bai wuce 'yan megabait ba, uzurin ƙarancin wuri ya ƙare. Kamfanin da wasansa ke rubutu kai tsaye a kan kwafi ɗaya tilo ya ɗora wa abokin cinikinsa haɗarin da ɗan aiki kaɗan zai kawar.

Abin da ake iya cetowa

Bayan hatsari, gaggawa ta fi ɓarna. Mai wasan da ya ga saƙon lalacewa ya fara sabon wasa don huce haushi, ko ya yi ta buɗewa yana rufewa, yana iya sa wasan ya rubuta sabon abu a kan kwafin baya, wanda shi kaɗai ne mafita. Matakin farko shi ne rufe wasan, da katse intanet, da kwashe babban fayil ɗin da ke ɗauke da ajiyar gaba ɗaya zuwa wani wuri. Duk gwajin da za a yi, a kan kwafi ake yin sa.

Daga nan sai a nemi abin da wasan ya bari: fayil mai ƙarewa da .bak ko _old, ko wata ajiya da ya yi da kansa kafin ta ƙarshe. Sau da yawa aikin bai wuce kawar da lalataccen ba, a ba tsohon sunansa. Idan babu, a Windows ana iya dawo da sigar baya ta fayil, amma sai idan an kunna tsarin File History ko makamancinsa tun kafin ranar. Manhajojin tono fayiloli irin su Recuva da PhotoRec suna da amfani idan goge fayil aka yi, domin gogewa sau da yawa sunan kawai take cirewa ta bar bayanan a faifai. Ba sa dawo da abin da aka rubuta wani abu a kansa. A kan faifan zamani na SSD ma damar ta fi ƙanƙanta, saboda umarnin TRIM da ke sa faifan ya share gurbin da aka saki ba da daɗewa ba. Fayil ɗin da ya cika da sifili kuwa fanko ne, babu gwanin da zai fitar da komai daga cikinsa.

Duk hanyoyin da suke aiki a wannan jeri abu ɗaya suka dogara da shi, wato kwafin da aka tanada tun da wuri. Sauran ihu ne bayan hari.

Mutane da yawa sun saki jiki da ajiyar intanet, irin Steam Cloud da kamfanin Valve ya fara a 2008. Amfaninta a fili yake ga wanda kwamfutarsa ta ƙone ko aka sace. Sai dai aikinta shi ne daidaita abin da ke na'ura da abin da ke rumbun kamfani, kuma sabon fayil take bi. Idan lalataccen ne ya fi sabunta, tana iya ɗora shi a kan lafiyayyen. Dalilin katse intanet da wuri ke nan. Madubi ne, abin da aka nuna masa shi yake mayarwa, ba ya tuna fuskar jiya.

Ƙofar da aka kulle

Mai kwamfuta yana da damar kwashe fayil ɗinsa duk lokacin da ya so. Mai na'urar wasa ba kullum yake da ita ba. Nintendo Switch ta fito a watan Maris 2017 da tsarin da ke tsare ajiya a cikin na'urar, ba a iya kwafe ta zuwa katin microSD. Sai a Satumba 2018 aka samar da ajiyar intanet, ita ma ga masu biyan kuɗin Nintendo Switch Online, kuma wasu wasanni, ciki har da Splatoon 2 da wasannin Pokémon, ba sa cikinta. A kan PlayStation 5, ajiyar wasannin da aka yi domin na'urar ba ta kwafuwa zuwa filash. Hanyar tanadin kwafi ta yau da kullum ita ce rumbun PlayStation Plus, wanda ake biya.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Fayil ɗin ajiya ya taɓa zama ƙofar ɓarayi. A 2008 masu kutse sun yi amfani da ajiyar wasan Twilight Princess da aka yi wa kwaskwarima, suka cusa dogon rubutu a gurbin sunan dokin jarumin, suka buɗe na'urar Wii ga manhajojin da Nintendo bai amince da su ba. Akwai kuma maguɗi: wanda zai iya dawo da tsohuwar ajiya yana iya ba wani abu mai daraja a wasa, sannan ya dawo da shi hannunsa, abu ɗaya ya zama biyu.

Amma wannan matsala tana da magani wanda bai kai ga hana mutum kayansa ba. PlayStation 4, ta kamfanin Sony ɗin nan dai, tana barin a kwafe ajiya zuwa filash, a kulle da mabuɗin sirri, a ɗaure ta da asusun mai ita. Microsoft kuma yana ba masu Xbox ajiyar intanet ba tare da ƙarin kuɗi ba. Tun da an ga hanyoyin biyu suna aiki, hujjar tsaro ba ta isa ta bayyana dalilin da zai sa kariya daga asara ta zama hajar sayarwa ba. Wanda aka ba ajiya ba ya neman lada kafin ya bar mai kaya ya duba kayansa.

Nauyin wannan tsari bai faɗa wa kowa daidai ba. An tsara shi ne da tunanin gidan da wuta ba ta yankewa, intanet kuma ba ya ƙarewa. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, inda ɗauke wuta da sauyawa zuwa janareta al'amari ne na yau da kullum, waccan 'yar tazara tsakanin umarnin ajiya da saukar bayanai haɗari ne da ake ratsawa a kai a kai. Kwamfutar tafi-da-gidanka da Switch suna da batir da ke kare su. Kwamfutar tebur da PlayStation ba su da shi, sai an haɗa su da na'urar riƙe wuta ta UPS. Wanda ya fi fuskantar haɗarin shi ne kuma wanda biyan kuɗin wata-wata da kuɗin waje ya fi yi wa nauyi.

Abin da ya rage ga mai wasa kaɗan ne, amma yana da tasiri: ya riƙa ajiya a gurbi fiye da ɗaya idan wasan ya ba da dama, ya san inda fayilolinsa suke, ya riƙa kwashe su lokaci-lokaci zuwa wani faifai dabam yana rubuta kwanan wata. Babban nauyin yana kan masu ƙera wasa da na'ura, kuma abubuwa uku ne: kada a rubuta sabuwar ajiya a kan kwafi ɗaya tilo, a riƙe aƙalla sigar baya guda ɗaya a na'ura da kuma rumbun intanet, a bar mai fayil ya ɗauki kwafinsa kyauta. Kaset ɗin Game Boy Advance ya cika biyun farko gwargwadon halinsa tun 2002, da ma'ajiyar da ba ta kai nauyin hoto ɗaya na wayar yau ba. Masu sharhin wasanni, da suke auna kyawun hoto da saurin motsi, ya kamata su ƙara wannan a ma'auninsu: a cire wa na'ura wuta ana tsakiyar ajiya, a ga abin da zai rage.