Ina Sunayen Matanmu Masu Zane?

Da za a tambayi ɗalibin Hausa ya kawo sunayen mawaƙa mata, nan take zai ambaci Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada. Idan marubuta ne, ba zai rasa Balaraba Ramat da Bilkisu Funtuwa ba. To, amma a ce masa ya kawo sunan mace ɗaya mai zane, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. A ganina wannan giɓi ne babba, kuma laifin namu ne mu masu nazarin harshe da al'ada.

Bari in fara da Clara Etso Ugbodaga-Ngu. An haife ta a Kano a shekarar 1921, iyayenta mutanen Edo ne. Ta yi karatun zane a makarantar Chelsea da ke Landan, sannan a 1955 ta fara koyarwa a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 ta baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Landan. A wannan shekarar ce ɗaliban sashenta, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a riƙa kwaikwayon Turawa ido rufe, ta nemi a haɗa dabarun waje da fasahar gida. Yau duniya ta san ɗaliban, malamar kuwa ba kowa ya ji sunanta ba, har a garin da aka haife ta.

Mantawa da mace mai fasaha ba a kanmu farau ba. A ƙasar Holan an yi Jacoba van Heemskerck, wadda ta rayu daga 1876 zuwa 1923. Ta bar kwaikwayon abu yadda ido ke ganinsa, ta koma wasa da launi da layi, har yawancin zanenta lamba take ba su maimakon suna. Daga 1913 ta yi fice a Jamus, amma bayan rasuwarta sai sunanta ya dushe. Abin da ya cece ta shi ne, ƙawarta Marie Tak van Poortvliet ta tattara ayyukanta ta adana, kuma akwai rubutu a kanta. Da masu bincike suka waiwaya, sun tarar da abin kamawa.

Mu fa, me za a tarar? Duk wanda ya shiga kasuwar Nguru ko ta Gashuwa ya ga faifai da tabarmar kaba masu rini, ya ga ƙwarya mai zane, ya ga lalle a hannun amare. Matan Manga da Bade da Fulani da Hausawa ke fitar da yawancin waɗannan, kuma babu wadda ta shiga aji ta koya. Irin tsarin layi da launin da Turawa suka ɗauka sabon abu a farkon ƙarni na 20, iyayenmu mata sun daɗe suna yinsa. Amma faifai ba ya ɗauke da sunan mai shi. Dillali ya saya, ya loda a mota, shi ke nan.

Na san wani zai ce ai zane ba fagenmu ba ne, mu harshe muke karanta. To, kowane zane yana da suna a bakin masu yinsa, haka kayan aikin da matakan aikin. Ranar da tsohuwar da ta san su ta kwanta dama, kalmomin sun bi ta, kuma babu ƙamus ɗin da zai dawo da su. Wani kuma zai kawo batun hukuncin zana abu mai rai. Wannan ma bai taso ba, domin adon faifai da na lalle yawanci layi ne da kusurwa da fure.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan aji huɗu masu neman batun kundin digiri, ita ce mu rage tururuwa a kan jigo da salon littafi ɗaya da aka riga aka tatse. Ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga kwalejoji a Gashuwa da Nguru, ga kasuwa a bakin ƙofa. Mutum ya nemi mace ɗaya mai sana'ar, ya nemi izininta da na gidanta, ya rubuta sunanta da wadda ta koya mata, ya ɗauki hoton aikinta, ya rubuta sunan kowane zane yadda ta faɗa. Ɗalibai mata sun fi mu damar wannan, tunda su ke iya shiga har ɗaki. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu hanzarta mu ji daga bakinsu tun suna raye.