Wa ya ce arewa ce sama?

A shekara ta 1154, a birnin Palarmo, Al-Idrisi ya kammala wa sarki Roja na biyu taswirori 70. Ya zana gaɓar teku daga Sabta har Sofala, ya ambaci Gao da Kawar, ya kuma ɗora kudu a sama. Sai bayan shekara 280 jirgin Fotugal ya wuce Bojador. Duk da haka, ɗalibai na barin lakkol da zaton jiragen Turawa ne mafarin zanen Afirka! Kwafin aikin na ajiye a ɗakunan karatu na Paris da Oxford, hotunansa na intanet. Uzurin nisa ya ƙare. Malamin da bai nuna wa ajinsa wannan taswira ba, shi ke da laifi.