Wa Zai Fitar Da Yaron Daga Fili?

"Tashi, ai kai namiji ne." Babu filin ƙwallo a Umdurman ko Hartum da bai taɓa jin wannan magana ba, da Hausa ko da Larabci. Yara biyu sun yi tsalle neman ƙwallo a sama, kai ya gwabza da kai, ɗaya ya zube. Sai a kewaye shi, a kwarara masa ruwa a ƙeya, a murza masa albasa a hanci, a ɗaga shi tsaye. In ya yi taku uku bai faɗi ba, shi ke nan, a tafa masa, wasa ya ci gaba. Mu manya da ke zaune a bakin fili muna kurɓar shayi mu ne masu tafin, kuma a kanmu wannan rubutu yake.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, ko jiki ya sha karo har wuya ya fizgu, sai ta girgiza ta murɗe a cikin ƙoƙon, siraran zarurrukan da ke kai saƙo tsakanin sassanta su miƙe fiye da kima, aikinta ya rikice na kwanaki ko makonni. Wannan shi ne girgizar ƙwaƙwalwa, abin da likitocin nan ke kira irtijaj. Mafi yawan waɗanda ta sama ba sa suma ko kaɗan, kuma hoton kai da ake ɗauka a asibiti yakan fito lafiya lau, domin ɓarnar ta fi ƙarfin idon na'ura. Abin da ake gani shi ne jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ido ya ƙi haske, yaro ya maimaita tambaya guda sau uku, ko ya kasa faɗin wa ya ci ƙwallon ƙarshe. Wasu alamun ba sa fitowa sai bayan kwana biyu ko uku. Babban haɗarin yana cikin bugu na biyu: ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba, in ta sake buguwa, tana iya kumbura cikin mintuna, kuma an fi ganin haka a yara da matasa. Akwai kuma zubar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai, inda yaro zai tashi garau, ya yi hira, ya ci tuwo, bayan sa'o'i ya shiga barcin da ba a tashi. Ruwan sanyi da albasa ba su da abin da za su yi wa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Waɗanda suka riga kowa biyan kuɗin wannan ilimi su ne ɗaliban jami'o'in Amurka, masu irin ƙwallon nan tasu ta hular kwano da gwabza kai. A shekarar 1905 'yan wasa goma sha takwas aƙalla suka mutu a filaye, har sai da shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa ya tsawatar musu. Daga wannan rikici aka haifi hukumar wasannin jami'o'i da ake kira NCAA a yau. Wato an kafa ta ne don kare ran ɗalibi, amma bayan shekara ɗari da 'yan kai sai ga tsofaffin ɗalibai sun maka ta a kotu kan raunin kai, ta amince ta fitar da dala miliyan 75, saba'in don duba lafiyarsu, biyar don bincike.

Wanda ya yaye mayafin kuwa ɗan Nijeriya ne, Dakta Bennet Omalu, likitan binciken gawa a birnin Pittsburgh. A 2002 ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon gwarzon ɗan wasa da ya mutu yana da shekara hamsin bayan ya yi fama da ruɗewa har ya koma kwana a mota. Ya tarar da wani furotin ya taru ya cuɗe a cikinta, irin lalacewar da a da ake zaton ta 'yan damben Turawa ce kaɗai. Ya buga sakamakon a 2005, likitocin hukumar ƙwallon ƙwararru suka nemi a janye takardar. Ba a janye ba. Cutar, wadda ake taƙaita sunanta da CTE, tana ɓoye shekaru kafin ta fito da mantuwa, saurin fushi, baƙin ciki da gushewar hankali. A 2010 aka same ta a matakin farko a kan Owen Thomas, kyaftin ɗin ƙungiyar Jami'ar Pennsylvania, wanda ya kashe kansa yana da shekara 21, kuma ba a taɓa rubuta masa girgizar ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya ba. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka same ta a 48 daga cikin ƙwaƙwalwa 53 na waɗanda suka tsaya a matakin jami'a, da 110 daga cikin 111 na ƙwararru. Adalci shi ne a faɗi cewa iyalai ne suka ba da waɗannan ƙwaƙwalwa, galibi don sun ga alamun ciwo tun mamatan na da rai, saboda haka lissafin ba ya nufin kowane ɗan wasa. Amma ya isa ya nuna cewa ƙananan bugun da ba a lissafa su ma suna taruwa.

Mun san amsar da ke bakin mai karatu: wannan ƙwallon Amurkawa ce, tamu ta ƙafa ce. To, a Ingila Jeff Astle, ɗan wasan West Bromwich da ya yi suna wajen cin ƙwallo da ka, ya mutu a 2002 yana da shekara 59 bai san 'ya'yansa ba, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa sana'arsa ce ta kashe shi. A 2019 Dakta Willie Stewart da abokan aikinsa a Jami'ar Glasgow suka bi tarihin tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland kusan 7,700, suka tarar mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran jama'a sau uku da rabi a cikinsu. Da suka rarrabe su bisa matsayi bayan shekara biyu, sai masu tsaron baya, waɗanda suka fi kowa sa kai, suka fito da kusan ninki biyar, masu tsaron gida kuwa ba su bambanta da sauran mutane ba. Amurka ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015. Ingila ta cire shi daga horon 'yan firamare a 2020. Daga Yulin 2024 dokokin ƙwallo na duniya sun ba gasa damar ƙara canji na musamman ga wanda ake zargin ya bugu a ka, don kada koci ya ce yana tsoron ɓata canjinsa.

Abin takaici, darasin da yaranmu suka koya a talabijin akasin haka ne. Ranar 25 ga Janairun 2022, a gasar cin kofin Afirka a Kamaru, Sadio Mané ya yi karo da mai tsaron gidan Cape Verde, ya faɗi warwas. Aka bar shi a fili, ya ci ƙwallo, sannan ya kwanta aka fitar da shi zuwa asibiti. Bayan kwana biyar ya sake bugawa. Senegal ta ɗauki kofin, sai labarin ya zama na jarumta, kuma kowane yaro a filin dafuri ya ɗauka haka namiji yake yi. Hukumar da ta shirya wannan gasa a nan Hartum aka kafa ta, a Fabrairun 1957, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai likita ɗan ƙasar nan, Dakta Abdulhalim Muhammad, wanda ya shugabance ta daga baya. Birnin da likita ya aza harsashin ƙwallon Afirka a cikinsa bai kamata ya zama inda ake jinyar kai da albasa ba.

Umdurman ta taɓa ganin mutuwa a fili da idonta. Ranar 6 ga Maris 2010, Endurance Idahor, ɗan Nijeriya mai ci wa Marrikh ƙwallo, ya yi karo da abokin hamayya a wasansu da Amal ta Atbara, ya faɗi, ya cika kafin a ceto shi, yana da shekara 25. Binciken gawa ya ce zuciya ce ta tsaya, ba mu kawo shi nan a matsayin raunin kai ba. Mun kawo shi ne don a auna: wannan ƙwararre ne a ɗaya daga manyan filaye biyu na ƙasa, ga likita ga motar asibiti. Ɗanmu da ke bugawa a gasar rawabiɗ, a kan ƙasa mai tauri kamar daɓe, tsakanin duwatsu biyu a matsayin raga, me yake da shi?

Yau ma abin ya fi muni. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, mafi yawan asibitocin babban birnin suka daina aiki, aka wawushe wasu, likitoci da yawa suka fice. Hilal da Marrikh suka kwashe kayansu suka tafi buga gasar Muritaniya. Waɗanda suka rage a fili su ne yaran unguwa, namu da na makwabta, a Mayo, a Hajj Yusuf, a Umbadda. Za a ce mana, mutanen da suka ga harsashi da yunwa da kwalara, wa zai dame su da ciwon kan ƙwallo? Wannan hujjar tamu ce. In da asibitin tiyatar ƙwaƙwalwa na nan kusa, da mota, da mai, da wutar da za ta kunna na'urar hoto, da sakacin bakin fili na iya samun mai gyara shi. Inda babu waɗannan, hukuncin da aka yanke a minti biyar na farko shi ne dukan maganin da yaron zai samu, kuma fitar da shi daga wasa ba ya cin ko fam ɗaya.

Laifin namu na musamman yana cikin abin da muke alfahari da shi. Mun gaji dauriya. Kakanninmu sun tako da ƙafa daga Sakkwato da Kano da Katsina kan hanyar hajji, wasu suka biyo Mai Wurno bayan faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka noma audugar Jazira da hannunsu, kuma ba su yi haka da raki ba. Daga can ƙasar Hausa muka gaji damben mahauta, inda ake naɗe hannu da zare, a nufi kai, a kira kayar da mutum kisa, makaɗi ya wasa wanda ya tashi bayan ya sha naushi. Ba mu raina wannan gado ba. Amma mawaƙi yana wasa ɗan dambe ne yana da shekara ashirin da biyar, ba ya zuwa gidansa yana da hamsin, lokacin da hannu ke rawa, harshe ya yi nauyi, matarsa ce ke tuna masa sunayen 'ya'yansa. A irin wannan hali sai mu ce iska ce, ko sammu, ko tsufa ya zo da wuri, mu kai shi wurin mai rubutun sha. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana wannan ciwo a jikin 'yan dambe. Haka kokawar Nuba da aka saba cika fili dominta ranar Juma'a a Hajj Yusuf: wanda aka maka da ƙasa ta ƙeya ya shiga layi ɗaya da mai tsaron baya.

Masu cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, muna tare da su a aƙida, mun rabu a fahimta. Malaman usulu, daga Gazali zuwa Shaɗibi na mazhabarmu ta Malikiyya, sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Saboda hankali aka haramta giya. Uban da ba zai yarda ɗansa ya kusanci aragi ba, yaya zai tsaya yana tafi ana mai da shi fili yana tangaɗi kamar mashayi? Kuma mu tsiraru ne a ƙasar nan. An sha tambayarmu takardar ɗan ƙasa a garin da aka binne kakanninmu, kuma abin da ya faru a Nilu Shuɗi a Yulin 2022 bai bushe a zukatanmu ba. Gida ya ƙone, shago ya tafi, tiren agashe ya tafi. Abin da ya rage wa yaronmu da zai kai shi shahadar Sudan, ya shiga jami'a, ya zama likita ko lauyan da zai tsaya mana, yana cikin ƙoƙon kansa. Yaron da aka mayar fili bayan ya bugu yana iya shafe makonni bai iya tattara hankalinsa a kan allo ba, malami ya ce malalaci ne, uba ya ɗauko bulala.

Ba mu ce a hana ƙwallo ba. Yaran da suka yi shekara biyu suna jin ƙarar bama-bamai sun fi kowa bukatar fili, kuma zaman banza yana da nasa kisan. Abin da muke nema daga shugabannin rawabiɗ, da malaman wasanni masu shirya ɗalibai don daurar makarantu, da limaman masallatanmu, kaɗan ne. Duk wanda aka zargi kansa ya bugu ya fita, kada ya koma a wannan rana, ko da wasan ƙarshe ne, ko da ya rantse ƙalau yake, domin da ƙwaƙwalwar da ta bugu yake rantsuwar. Hukuncin ya kasance a hannun alƙalin wasa ko wani dattijo da aka naɗa tun kafin a fara, kada a bar shi ga kocin da ke neman kofi. Wanda ya suma ko yake kukan wuya kada a ɗaga shi a jijjiga. Kada a bar yaron shi kaɗai a daren farko. In ciwon kai ya matsa a ba shi farasitamol, a guji asfirin da danginsa domin suna ƙara zubar jini. Ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya rage kallon waya, ya koma makaranta kafin ya koma fili, wasan da ke da karo kuwa sai alamu sun gushe sarai kuma wani ma'aikacin lafiya ya duba shi. In ya yi ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko ya yi farfaɗiya, ko ɓangaren jikinsa ya saki, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko ana tashinsa yana komawa barci, a nemi raksha ko amalanke a nufi asibiti a wannan sa'a, kada a jira gari ya waye. 'Yan ƙasa da shekara goma sha biyu kuwa a bar su da ƙwallon ƙasa, a daina jera su ana jefa musu ta sama da sunan horo.