Bai Kamata Izinin Gini Ya Tsaya A Bakin Ƙofar Sito Ba

Duk wanda ya bi ta yankin masana'antu na Idu ko ya ratsa Dei-Dei zai ga yadda manyan rumbunan ajiyar kaya ke ƙaruwa a Abuja. Daga waje, gini ne mai bango huɗu da rufin kwano. Abin da ya sauya yana ciki. A da buhuna da kwalaye ake jibgewa a ƙasa, iyakar inda hannun ɗan dako ya kai. Yanzu kantocin ƙarfe ake kafawa, hawa biyar ko shida, motar ɗaga kaya tana loda musu kaya har kusa da rufi.

Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi gini, kuma a Babban Birnin Tarayya Sashen Kula da Tsarin Gine-gine ne ke duba zane ya amince. Sai dai zanen da ake kai wa sashen na fankon gini ne. Kantocin suna zuwa daga baya, a matsayin kayan aiki, kamar tebur da kujera. Wannan jarida na ganin a nan ɓarakar take, domin kanta mai tsayin mita takwas gini ce a cikin gini.

Nauyin tan-tan na kaya yana sauka ne a kan 'yan ƙafafun ƙarfe, kowace ƙafa ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Daɓen da aka zuba don tafiyar mutane da amalanke ba lallai ne ya jure hakan ba. Idan ba a ɗaure ƙafafun da daɓe ba, ko motar ɗaga kaya ta lanƙwasa guda ɗaya aka ƙyale ta, layi ɗaya kan faɗi ya ja na kusa da shi. Wanda ke ƙasa a lokacin, galibi leburan da ake biya kullum ne.

Batun gobara ya fi wannan muni. Tazarar da ke tsakanin kaya a kan kanta tana jan iska kamar bututun hayaƙi, don haka wutar da ta tashi a hawan ƙasa tana haurawa sama cikin ɗan lokaci, kwali da leda da katakon ɗora kaya suna ciyar da ita. Tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango ba ta kai wa hawa na biyar. Na'urar yayyafa ruwa da aka kafa a rufi ma, idan an tsara ta don kayan da ke ƙasa, ba za ta wadatar ba, kuma idan kaya suka matse ta ruwan ba ya bazuwa. Shi ya sa a yawancin jihohin Amurka ake ɗaukar ajiyar kaya masu cin wuta da ta haura ƙafa 12 a matsayin rukuni na dabam mai buƙatar izinin jami'an kashe gobara, ana kuma barin aƙalla inci 18 tsakanin saman kaya da bakin na'urar. A Turai, ƙa'idar EN 15635 ta nemi ƙwararre ya duba kantocin aƙalla sau ɗaya a cikin wata 12.

Mazauna Abuja ba sa buƙatar a ba su labarin abin da wuta ke yi wa babban zaure mai cike da haja. Sun ga gobarar kantin Ebeano na Lokogoma a watan Yulin 2021, sun kuma ga ta Next Cash and Carry ranar 26 ga Disamban wannan shekarar.

Ba rashin takardu ne ke damun ƙasar nan ba. Akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, ko da yake ya shafe shekaru yana jiran dokar da za ta tilasta aiki da shi. Akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda dokarta ta samo asali tun 1963. Abin da ake buƙata shi ne Ministan Babban Birnin Tarayya ya fitar da umarni a sarari: kafa kanta da ta wuce wani tsayi da aka ƙayyade sauyi ne ga gini, sai da izini. Mai neman izinin ya kawo zanen layukan da hanyoyin fita, da lissafin nauyi ɗauke da hatimin injiniya mai rajista da COREN, da bayanin irin kayan da za a ajiye, domin sito mai tayil ba ɗaya yake da sito mai katifa ko fenti ba. Jami'an kashe gobara su duba kafin a loda kaya, su kuma koma idan hajar ta sauya.

'Yan kasuwa za su ce wata sabuwar ƙofar karɓar kuɗi ce aka buɗe, kuma tsoronsu yana da dalili. Maganinsa shi ne a wallafa kuɗin izinin, a biya shi ta asusun gwamnati, a sa wa'adin da dole a ba da amsa, a kuma keɓe ƙananan shaguna da kantocinsu ba su wuce kan mutum ba.

Gwamnati kuma ta fara da kanta. Ma'aikatu da hukumomi suna da sito-sito na magunguna da kayan agaji da fayiloli, kuma gobarar ofishin Babban Akanta na Tarayya a watan Afrilun 2020 ta nuna cewa ginin gwamnati ma yana ci. Jami'in sayen kaya da ya sanya kantocin ƙarfe a layi ɗaya da kujerun ofis ya riga ya cire injiniya daga aikin. Hadimin da takardar za ta bi ta teburinsa kafin ta isa ga babban sakatare yana da ikon mayar da ita, ya nemi a haɗo lissafin nauyi da rahoton hukumar kashe gobara kafin a sa hannu.