Tsohuwar azurfar Agadas: kada mu sayar da ita da kuɗin awo

A watan Agusta na 2022, a ƙasar Amurka, an yi gwanjon wani ɗan kati na kwali da bai kai tafin hannu ba, mai hoton ɗan wasan besbol Mickey Mantle, bugun 1952. An saye shi dala miliyan 12.6, wato fiye da miliyar 8 na sefa. Irinsa da yawa suna nan, amma yara sun yi wasa da su, sun lanƙwashe, kusurwoyi sun cinye. Masana ke duba kowane kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, kuma wannan ya sami 9.5. Lafiyarsa aka biya, da takardar shaidar masana.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, da ku iyayenmu mata, mu ma muna da irin wannan dukiya a cikin adaka da kwalla. Ita ce tsohuwar azurfa: tanaghilt, abin wuyan da ya zama tambarin Agadas, da ire-irensa na Ingal, Iferwan, Timiya da Tawa, da awarwaro da zobba na kakanni. Maƙeran da sukan narka liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai kan sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780, wanda azurfarsa ta kai kashi 83 cikin 100. Sukan siffata abin da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya zube, su zuba azurfa, sannan su fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak.

Samun tsohuwa mai lafiya yau ya yi wuya. Farin 1973 da na 1984 sun tilasta wa iyalai da dama sayar da kayan adonsu don sayen hatsi. Masu yawon buɗe ido sun kwashi na kirki zuwa Turai, kafin tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 su kashe wannan kasuwa. Abin da ya saura kuma mu ke ɓata shi da hannunmu. Wata za ta kai na kakarta a narke a yi mata sabon yayi. Wani zai goge da zarto har zanen maƙeri ya ɓace, ko a like karaya da dalma. Alhali cin igiya a bakin zobe da laushin da shekaru suka ba azurfa su ne shaidar tsufanta, su mai saye ke nema.

Akwai kuma laifin wasu daga cikinmu, masu baƙanta sabon farin ƙarfe su ce na da ne. Ribar yini ɗaya ce, amma in mai saye ya gane, duk layin ne zai daina yarda da shi, har da masu gaskiya.

Shawararmu ita ce: kada a narka, kada a goge, a naɗe a tsumma mai laushi. In buƙata ta kama, a nuna wa tsofaffin maƙera biyu ko uku kafin a karɓi tayin dillali, domin shi da sikeli yake saye, ya sayar da farashin tarihi. Maƙera da hukumomin gari su zaɓi dattawan sana'a masu dubawa su ba da takarda: nauyi, ingancin azurfa, gyara ko babu. A kuma tuna ƙasarmu na da dokar 1997 mai kare kayan tarihi, fitar da su waje ba da izini ba laifi ne.

Tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Hasumiyar masallaci ba mai iya ɗaukar ta, amma azurfa a aljihu take fita, kuma in ta shiga wuta ba ta dawowa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.